Ƙasa Ce, Ba Lema Ba

Ni ban iya waƙa ba, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar na iya ba. Muryata ta kiran yara ce, irin wadda ake saki daga hawa na tara su ji ta a filin ƙwallo su taho da gudu. Amma akwai waƙa ɗaya tak da nake rerawa ba tare da na nemi izinin kowa ba, kuma a kanta ne muka yi kwana takwas muna zaman doya da manja ni da 'yata.

Lokacin shekararmu bakwai a Kuala Lumpur. Karatu ne ya kawo maigidana, da ya gama suka riƙe shi yana koyarwa, mu kuma 'yan rakiya muka miƙe ƙafa a Sentul, a wani dogon gini da jirgi yake wucewa ta bayansa. Yarinyar 'yar farina ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci, don haka kunya biyu ta hana ni kama sunanta, ko a baki ko a takarda. Tana da shekara shida muka zo da ita. Hausa tana ji in ta ga dama, amma amsa sai da Turanci, in kuma so take ta ƙona min rai sai ta ɗora masa lah a ƙarshe kamar 'yan garin.

Wata Asabar da hantsi na ja ta zuwa kasuwar Chow Kit neman rigar sanyi, domin na'urar sanyaya ajinsu tana neman mayar min da yarinya ƙanƙara a ƙasar da gumi ba ya bushewa. Gwanjo na nufa. Su a can bundle suke ce masa, kuma yawancin dilolin daga Japan ake sauko da su, kaya masu kyau, wasu ko sawa ba a yi ba. Ita kuwa tun a jirgi take kumbure-kumbure, wai kada wata 'yar ajinsu ta gan ta a shagon gwanjo. Na ce mata in 'yar ajin ta gan ki a ciki, ai ita ma a cikin take.

Shagon dogo ne siriri, yana warin kafur. Mai shi wani ɗan garin ne mai gashi har kafaɗa, yana zaune kusa da sifika yana sakin tsofaffin waƙoƙin Japan, waɗanda aka yi yayinsu tun kafin a haife shi, yanzu kuma yayin ya sake zagayowa. Ni ban san duk wannan ba a lokacin, ina dai jin kiɗa a bayana ina ɗaga riguna ina duba hammata. Wata waƙar ta ƙare, wata ta fara. Aka busa wani abu mai kama da algaita amma mai taushi, sau uku, aka tsaya, sannan na ji mace ta ja numfashi.

Kafin ta buɗe baki na riga ta. Ban shirya ba, bakina ne ya tafi shi kaɗai:

"Ƙasa, ƙasa, na baro ki a baya,
Mata ne, mata ne ake rabawa da gida,
Ƙasa, sai wata rana."

Na rera ta daga farko har ƙarshe, riga a hannuna, hawaye yana jiƙa min hijabi, ban kuma rage murya ba. Mai shagon ya miƙe tsaye yana kallona. Wasu 'yan mata biyu da ke gwada huluna suka daina gwadawa.

"Umma, please lah," in ji 'yata, tana jan gefen hijabina. "People are looking."

Na ce, "Su kalla. Ba tsirara nake ba."

Waƙar Inna ce, mahaifiyata. Babanmu gyaran rediyo yake yi a Kano, kuma ina 'yar ƙarama ya sayi wata tsohuwar rakoda cikin kayan da ake kawowa daga waje, ya buɗe ta ya tarar da kaset a maƙale a ciki, da rubutu a jikinsa kamar kaji sun yi tsere a kan taɓo. Ya gyara rakodar ya kawo gida. Waƙoƙi da yawa ne a kaset ɗin, amma Inna ta ukun kawai take so. In ta ƙare sai ta sa ni in zura biro in mayar da zaren baya, don kada a cinye batir a banza. Maƙwabta suka ce Indiyanci ne, wani malamin makaranta a layinmu ya ce Sinanci ne. Inna ta ce dukkansu ba su da kunne. Ta ce wannan baiwar Allah Bahaushiya ce, an dai tafi da ita wata uwa duniya tun tana ƙarama, shi ya sa Hausarta ta karye, amma duk mai saurare zai ji tana cewa ƙasa, tana cewa mata ne, tana cewa sai wata rana. Inda harshen matar ya gaza, Inna ta cike mata.

Kuma Inna ta san abin da kunnenta yake ji. Garin da aka haife ta yana ƙarƙashin ruwa. Tana sabuwar amarya aka yi madatsa, aka kwashe mutanen garin aka watsa su nan da can, ruwa ya hau kan gidaje da gonaki da kabarin mahaifiyarta. Sauran mata in ransu ya ɓaci suna da inda za su yi yaji, Inna ba ta da shi. Ba ta taɓa zama ta ba mu labarin da tsawo ba, waƙar ce ta tsaya a madadin labarin. Da ita take tsince shinkafa, da ita ta yi renon ƙannena, kuma ranar da za mu taso zuwa Malesiya da ita ta rako ni har bakin mota. Rakodar ta daɗe da cinye kaset ɗin, waƙar ta rage sai a bakin Inna, sai kuma nawa.

Ina cikin share ido a shagon, ashe yarinyar ta riga ta ɗaga wayarta sama. Wayar ta saurara, ta faɗa mata sunan waƙar da sunan mai ita, ba a ɗauki ko minti ɗaya ba. Abin da na yi shekara talatin da wani abu ina zaton daga gidanmu sai gidanmu, ashe ya yi tashe a Japan a zamaninsa, har yau ma ana ta saurarensa a ƙasashen da ban san sunansu ba. Ban ji daɗi ba. Na ji kamar na dawo gida na tarar da baƙi a ɗakin Inna sun hau mata gado da takalmi.

A jirgi muna komawa ta nemo fassarar. Tana karantawa kafaɗarta tana rawa, har ta kasa riƙe dariyar.

"Umma, it's about an umbrella."

"Me?"

"Umbrella. Abin ruwa."

Lema take nufi. Wai a yarensu kasa lema ce. Wai wata mata ce ta manta lemarta a gidan saurayin da suka rabu, ga ruwa ana tsugawa, tana tsaye a tashar jirgi tana shawara da zuciyarta ko ta koma ta ɗauko, alhali ta san in ta koma ba lemar za ta je nema ba. Mata ne kuma, wai sai an jima ke nan a wurinsu, babu ruwansa da mata. Sai wata rana ce kawai ta tsira, domin kalmar tasu ta ban kwana kusan haka take fita, kuma kusan haka take nufi. Na ce to ai ga shi nan, ɗaya cikin uku, ko a jarrabawar Abbanki ana ba da maki. Ta ƙara fashewa da dariya. Sannan ta ce, da Turancinta, ta ƙagu Lahadi ta yi ta faɗa wa Inna.

Nan gabana ya faɗi, domin na san Inna. Akwai shekarar da ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, ta koyi rubuta sunanta, ta zo tsakar gida da murnarta ta rubuta mana a bayan kwalin sukari. Wana ya leƙa ya ce harafi ɗaya ya juya baya, ya yi dariya, mu ma muka taya shi don ƙuruciya. Inna ta ajiye fensirin a kan taga, kuma daga ranar har yau ba ta sake taɓa abin rubutu ba, dangwale take yi da babban yatsa. Haka take. In aka yi wa abinta dariya sau ɗaya, sai ta sake shi gaba ɗaya, ba faɗa ba ƙorafi. Yanzu ga tsufa, ga yanar ido ta rufe mata gani, Baba ya rasu, ba ta zuwa ko'ina. Abin da ya rage mata na kanta shi ne ta zauna a inuwa ta yi waƙarta. Shi kuma jikarta take shirin zuwa ta gyara mata.

Da muka isa gida aka kai ƙara gaban Malam, wato maigidan. Shi mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya duba agogo ya tabbatar safiya ce kafin ya amsa. Ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya karanta fassarar sau biyu, yana gyaɗa kai kamar an kawo masa aikin ɗalibi.

Ya ce, "Very interesting. Ai ilimi amana ne, bai kamata a ɓoye mata ba. Kuma in kin duba da kyau, waƙar saurayi da budurwa ce. Dattijuwa kamar Inna, wadda ta je Makka, in ta san ainihin abin da take maimaitawa, ita da kanta za ta so a ce an faɗa mata."

Na ce, "Malam, shekara nawa kana cin tuwon Inna da aka tuƙa da wannan waƙar? Ya taɓa tsaya maka a wuya?"

"Ba nan maganar take ba."

"Nan take. Ku da kuka yi karatu ba kwa ganin abu a tsaye sai kun kwance shi kun ga me ke ciki, in kun gama kuma ku bar wa mutane tarkacen."

Yarinyar ta ce ita ba tsokana take nufi ba. Ta ce so take kawai Inna ta sake jin waƙar ta gaske, ta kuma san gaskiyar abin. Na dube ta, na ga har cikin ranta take faɗa, kuma wannan ya fi ƙona min rai, domin shekara bakwai ban taɓa ganin tana ɗokin faɗa wa kakarta komai ba sai yau, sai kuma abin da zai karya ta.

Duk Lahadi bayan la'asar muke kiran gida, lokacin can hantsi ne. Ƙanwata ce take riƙe wa Inna waya. Ni kuma a nan ni ce tafinta: Inna ta ce takwara yaya makaranta, in juya, yarinya ta ce fine, in juya in ƙara masa gishiri da man shanu ya zama jimla uku. Abin da take iya yi da kanta bai wuce ina kwana da lafiya lau ba, sai ta ɗaga hannu ta gudu ɗaki. Da na tuna haka sai dabara ta zo min.

Na ce, "To, ban hana ki ba. Ki faɗa mata. Amma da bakinki, da Hausa. Ni ba zan juya miki ko kalma ɗaya ba. Kai ma Malam, ranar ba bakinka a ciki."

"That's not fair."

"Ita ma Inna ba a yi mata feya ba."

Tarko na ɗana, ba na musu. Na tabbata Hausarta ba za ta kai ta bakin ƙofa ba, balle ta ƙetare da ita zuwa Japan ta dawo. Na ɗauka za ta yi fushin kwana biyu ta manta. Na manta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma taurin kan da nake taƙama da shi ba a ƙasa ya faɗi ba. Washegari Lahadi ta gaida Inna kamar kullum ta wuce, ta ce min ta sama za ta yi.

Ta samo sabon littafi ta raba shafi biyu. In ta dawo daga makaranta sai ta zauna a teburin cin abinci da waya da biro, in Abbanta ya shigo ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Ina kicin ina jin su. Lema. Ruwan sama. Mantuwa. Saurayi, wanda sai da Malam ya yi tari sau biyu kafin ya faɗa mata. Ranar Talata ta leƙo kicin da littafin, fuska a murtuke, ta ce me ya sa train ma ƙasa ne. Abbanta ya ce mata jirgin ƙasa ake cewa.

Na ce, "Au, ashe matar a tashar jirgin ƙasa take tsaye? To kin ga akwai ƙasa a waƙar. Biyu cikin uku ke nan."

Ta juya ta fita.

Ranar Laraba ta ci karo da dutsen da ni kaina ban hango shi ba lokacin da nake ɗana tarkon. Duk maganar tata a kan jimla ɗaya ta rataya: ba ƙasa matar ta ce ba, kasa ta ce. To ita yarinyar ba ta da ƙa a bakinta. Tun tana ƙarama a Kano ba ta gama kama shi ba muka taho, nan kuma ba wanda ya nema a wurinta. Kofa take cewa, karfe, kafa. Da ta karanta wa Abbanta jimlar, abin da ya fito shi ne, ba kasa ba ce, kasa ce. Ina yanka albasa na yi dariya har sai da na ajiye wuƙa. Malam ya ɗauko takarda ya zana mata maƙogwaro, da harshe, da kibiya mai nuna inda iska take tsayawa. Ta kalli zanen, ta gwada, ta ce kasa.

Daga ranar banɗaki ya zama ajinta. Sai ta shiga ta kulle, ta saki famfo don kada a ji, amma ana ji. Ka, ka, ka, kamar wadda ƙayar kifi ta maƙale wa. Ƙannenta suna bin bayanta suna kwaikwayo. Ranar Alhamis ta zo ta tsaya a bayana ina wanke-wanke, ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Umma, just say it once. Slowly."

Na ce, "Ni ba malamar makaranta ba ce."

Na ji tausayinta, kuma na ji kunya, domin na san laifin wa ne yarinya 'yar Kano ta kai sha uku ba ta iya kiran ƙofar gidansu ba. Ni ce nake amsa mata in ta yi Turanci, don ya fi sauri, don na gaji, don kada a ce 'yata ta zama baya a aji. Amma tsoron da nake ji wa Inna ya fi tausayin nauyi, don haka ban juyo ba.

Abin da na yi a maimakon haka, don a san ba a ci ni da yaƙi ba, shi ne na ƙara wa waƙar wuta. Ina shara ina yi, ina shanya a baranda ina yi, ina tuƙa tuwo ina yi, ina danna ƙasar nan da ƙarfi don Malam ya ji daga ɗakin karatunsa. Maƙwabciyarmu 'yar Indiya har ta tambaye ni ko biki za mu yi. Sai ranar Asabar, na juyo da tukunya a hannu, na ga yarinyar a bayan labulen kicin, ido a kan bakina, leɓenta yana motsi. Ashe kwana biyu ke nan tana nan tana tsintar abin da na hana ta. Ni da na ɗana tarko, ni na riƙa zuba mata tsaba a hanya.

Lahadi ta zo. Bayan la'asar muka zauna a falo, ta ɗora kwamfutar Abbanta a kan tebur, littafinta a cinya. Ƙanwata ta ɗauka. Ga Inna a kan tabarma a gindin bango, ta kawo fuskarta dab da waya har ba a ganin komai sai hanci da goshi. Muka gaisa, ta tambayi Malam, ta tambayi yara, ta tambayi ko har yanzu ana ruwan nan namu da ba ya jin rani.

Sannan yarinyar ta matso ta ce, "Inna, ina kwana. Ina da abu."

"A'a, takwara ce da kanta? To kawo."

Ta danna. Algaitar nan mai taushi ta busa sau uku.

Inna ta janye fuskarta daga wayar. Na ga duk jikinta ya tsaya. Fiye da shekara ashirin rabonta da muryar nan. Da matar ta fara, Inna ta ɗora tafin hannu a kan ƙirji, ta ce, "Allah sarki. Tana nan da ranta? Ji muryarta, ko tsufa ba ta yi ba." Sai ta bi ta, a hankali, da tata Hausar, tana jiran matar a inda take jan numfashi kamar yadda ta saba. Na so a ce nan aka tsaya. Na kalli yarinyar da duk roƙon da ido zai iya yi, ban dai buɗe baki ba, don na riga na yi magana kuma ba na lashe ta.

Waƙar ta ƙare. Ta buɗe littafi.

"Inna, wannan mata ba Bahaushe ba ne. 'Yar Japan ne." Ta duba littafin. "Ba ta ce ƙasa ba."

Ya fito. Ƙa sosai, mai kauri, kamar a Ƙofar Mata aka yanke mata cibi. Malam ya buɗe baki zai yaba, na harare shi ya rufe.

"Ta ce kasa. Kasa shi ne lema, a bakinsu. Ta manta lema. Tana tashar jirgin ƙasa, ruwa yana zuwa, tana baƙin ciki."

Daga bayan wayar na ji ƙanwata ta yi 'yar dariya, ta toshe baki, amma ta riga ta fita. Hoton ya girgiza. Na ga fuskar Inna ta rufe, irin rufewar ranar fensir, na san ta sarai. Na yanke shawara in karya alkawarina, in karɓe maganar in ce yarinya ce, Hausarta ce ta ruɗe, ba haka take nufi ba. Har na matso.

Inna ta ce, "Lema?"

"Eh."

"Lema dai ta ruwa, wadda ake buɗewa?"

"Eh, Inna."

"A ina ta yar da ita?"

Yarinyar ta duba littafi. "A gidan saurayinta."

"To. Bayan lemar, me kuma ta rasa?"

Ta dube ni don in taimaka, na kalli silin. Ta koma ta lalubo da kanta. "Saurayin ma. Sun rabu."

"Ya mutu?"

"A'a."

"Gidan nasa yana nan inda yake?"

"Yana nan."

"In ta ga dama za ta iya zuwa ta ƙwanƙwasa?"

Wannan kalmar ba ta cikin littafi, sai da ƙanwata ta buga ƙofa ta nuna mata. Ta ce, "Eh."

Inna ta gyara zama, ta ja mayafinta. Ta ce, "Ina uwar taki? Ke, a garin naku ba a sayar da lema ne?"

Na ce, "Ana sayarwa, Inna."

"To ku saya mata ɗaya mai kyau ku aika mata, ta bar min waƙata. Duk shekarun nan ina tausayinta, ina cewa 'yar uwata ce, ashe lema ce. Ni da na rasa gari sukutum, da kabarin uwata a ciki, ban samu muryar yin kukan ba sai da na ji tata. Tunda ita ba ta san abin da za ta yi da muryar ba, ni na sani." Ta matso da fuskarta kusa da waya. "Takwara, ashe kina da baki kika bar uwarki tana yi miki ƙarya duk Lahadi. Sake sa min ita daga farko."

Yarinyar ta sake dannawa. Wannan karon Inna ba a hankali ta bi ta ba. Ta ɗaga murya ta danne matar gaba ɗaya, ƙasa, ƙasa, na baro ki a baya, har wata akuya ta amsa daga can bayan katangarsu. Ni ma na shiga, da muryar kiran yaran nan tawa. Malam ya tattara zanen maƙogwaronsa da ke kan tebur tun Laraba ya shige ɗaki.

Da aka kashe waya na tashi na koma kicin, don na bar miya a kan wuta, kuma ba na son a ga fuskata. Ina juyawa na ji ta a bakin ƙofa. Littafin yana hannunta a rufe.

"Umma."

"Na'am."

"Inna ta ce ta rasa gari." Ta tsaya tana neman sauran. "Yaya ake rasa gari?"

Shekara sha uku tana ɗauke da sunan Inna, ban taɓa faɗa mata ba. Na kashe murhu, na jawo kujera da ƙafa na ce ta zauna. Da Hausa ta yi tambayar, da Hausa na ba ta amsa, kuma ban sassauta mata ko kalma ɗaya ba.